Igiyar Talala da Wuyan Mai Lamuni

Kalmar da nake so mu tsaya a kanta a wannan karon ita ce talala. Asalinta a hannun masu kiwo take. Idan aka kafa turke, aka ɗaure akuya da doguwar igiya yadda za ta zagaya ta ci ciyawa ta kwanta inda ta ga dama, amma ba za ta kai ga shukar maƙwabci ba, an yi mata talala ke nan. Ba ɗaya take da dabaibayi ba, domin shi dabaibayi ƙafafu ake haɗawa a ɗaure, dabba ta riƙa tafiya da ƙyar tana jin ɗaurin a kowane taku. Akuyar da ke talala kuwa tana iya wuni ba ta tuna da igiya a wuyanta ba. Sai ta hango ɗanyen ganye can nesa ta zabura, sannan igiyar ta fizgo ta.

Daga makiyaya kalmar ta shiga bakin masu mulki da alƙalai. A yau idan kuka ji ta a rediyo, galibi ana nufin an tsare wani babba a gidansa an hana shi fita, kamar a ce an yi wa hamɓararren shugaba ɗaurin talala. Amma ma'anarta ta fi haka faɗi. Duk wanda aka bari yana yawonsa, alhali akwai ido a kansa da iyakar da ba zai ƙetare ba, talala aka yi masa. A ganina babu kalmar da ta fi ta dacewa da wasu tsare-tsare biyu na shari'ar zamani, waɗanda har yanzu masu fassara ke faman neman sunan da za su raɗa musu.

A tsari na farko, kotu ta sami mutum da laifi, amma maimakon ta tura shi gidan yari sai ta bar shi a gida na wani wa'adi bisa sharuɗɗa, ƙarƙashin kulawar wani jami'i. A na biyu, fursuna ya ci wani kaso na ɗaurinsa, sai a bar shi ya ƙarasa sauran a waje, shi ma bisa sharuɗɗa. Sunan na farko a Ingilishi daga Latin ya fito, ma'anarsa gwaji. An saba danganta farkonsa ga wani mai ɗinkin takalma na birnin Boston a Amurka, John Augustus, wanda a 1841 ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi, ya tsaya masa, ya mayar da shi bayan 'yan makonni a natse. Jihar Massachusetts ta mai da abin doka a 1878, Ingila ta yi tata dokar a 1907, daga can kuma ya biyo Turawan mulki zuwa ƙasashenmu. Sunan na biyu ya fi ba ni sha'awa. Aro ne daga Faransanci, kuma a can ma'anarsa "magana" ce kawai. A da, hafsan da aka kama a fagen yaƙi yakan ba da maganarsa cewa ba zai gudu ba, sai a bar shi ba mari ba sarƙa. To ku dubi kalmarmu ta alkawari, wadda wasu ke furtawa alkawali. Daga Larabci take, alƙaulu, shi ma ma'anarsa magana. Bafaranshe da Bahaushe, kowa a gidansa, sun tsaya a kan fahimta ɗaya, cewa wanda aka kwance wa sarƙa maganarsa ce ta maye gurbinta.

'Yan jaridar Nijeriya sun ƙirƙiro wa wani ɗan'uwan waɗannan tsare-tsare suna mai daɗi, wato ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ga wanda aka yanke wa hukunci aka jingine shi. Ginin sunan irin na ka-ce-na-ce da faɗi-ka-mutu ne, jimla sukutum ta daskare ta zama suna. Abin da na fi yaba masa shi ne bai yar da kalmar ɗauri ba. Za ku ga dalili nan gaba.

A nan Gana, dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1960, wadda lauyoyi ke kira Doka ta 30, ta ba alƙali ikon yin talala irin ta farko, na wa'adin da bai gaza wata shida ba bai kuma wuce shekara uku ba. A aikace yara da matasa aka fi yi wa, musamman bayan dokar shari'ar yara ta 2003, kuma jami'an hukumar jin daɗin jama'a ne ke sa musu ido. Irin ta biyu kuwa, kundin tsarin mulki na 1992 ya ambace ta a sashe na 208, inda ya ɗora wa majalisar kula da gidajen yari alhakin tsara ta, amma shekaru masu yawa suka shuɗe ana ta maganar ba a ga aikin ba. Abin da fursuna ya sani shi ne rangwamen kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa idan ya yi ladabi, sai kuma afuwar shugaban ƙasa, kamar wadda aka yi wa fursunoni 808 a watan Maris na 2020 lokacin annobar korona.

Abin da ke biyo bayan saɓa sharaɗi ba shi da wuyar faɗi. Laifin farko bai mutu ba, ajiye shi aka yi. Idan jami'i ya kai rahoto cewa mutum ya daina zuwa, ko ya bar inda aka ce ya zauna, ko ya sake aikata wani laifin, kotu za ta sa a kamo shi. Tana iya cin sa tara ta bar talalar ta ci gaba, tana kuma iya yanke masa hukuncin laifin na asali kamar a ranar aka same shi da shi. Misali mafi bayyana da 'yan Gana suka gani ba a zango ya faru ba. William Ato Essien, wanda ya kafa bankin Capital Bank da ya rushe a 2017, ya amsa laifinsa a watan Disamba na 2022, aka ƙulla yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 35 na dokar kotuna cewa zai mayar wa gwamnati sidi miliyan 90 a bar shi a gida. Ya biya miliyan 30 tun farko, aka raba masa sauran 60 kashi uku cikin 2023. Bai cika ba. Aka ɗaga masa ƙafa, bai dai cika ba. A watan Oktoba na 2023 babbar kotu a Accra, wadda mu a zango muke kira Ankara, ta ɗaure shi shekara 15 da aiki mai tsanani. Ba a bukaci sabuwar shaida ba, domin laifin yana ajiye tun ranar da ya amsa shi da bakinsa.

Mu a Asawase, inda aka haife ni kuma iyayena suke har yanzu, talalar da muka fi sani ita ce beli. Beli ba hukunci ba ne, wanda aka ba shi ba a same shi da laifi ba tukuna, amma ginin ɗaya ne: tafi gida, ga sharaɗi, ga ranar dawowa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, cewa doka ba za ta ware wasu laifuka ta hana kotu ba da belinsu ba, ƙofar ta ƙara buɗewa. Da wuya ka sami layi a Asawase ko Aboabo ko Sawaba da babu wani gida da ke da ɗa a kan beli.

A nan ne nake so ku saurari aikatau uku da kyau: an sake shi, an sako shi, an sallame shi. Na biyu, mai wasalin o a ƙarshe, yana cikin ajin aikatau da ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana, kamar fita da fito, shiga da shigo. Saboda haka "an sako shi" maganar 'yan gida ce, maganar uwa da ta ga ɗanta ya sako kai zaure. Ba ta ce komai a kan abin da kotu ta yanke ba. "An sake shi" ma sakin hannu kawai ta nuna. "An sallame shi" ce kaɗai ke nufin an gama da shi, ba a bin sa komai. Matsalar ita ce a bakin jama'a ukun sun narke sun zama ɗaya. Yaro ya dawo daga kotu, mata su rangaɗa guɗa, a dafa abin sadaka, a ce alhamdu lillahi an sako shi, washegari kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba na ganin laifinsu sosai. Alƙali da Ingilishi yake magana. Tafinta, in an samu, galibi Twi yake juyawa, kuma Twin da ɗan zango ya iya na kasuwa ne da tashar mota, ba a koya masa na sharuɗɗan kotu ba. Takardar da aka miƙa masa da Ingilishin lauyoyi aka rubuta ta. Yakan ninke ta huɗu ya ba mahaifiyarsa, ita kuma ta sa a ƙasan akwati tare da katin awon yara. Abin da kunne ya ɗauko daga zauren kotu kalma ɗaya ce: tafi.

Akwai wani yaro a layinmu, bai wuce shekara goma sha shida ba, da kotun yara ta same shi da laifin ɗaukar wayar wani. Da yake karon farko ne, aka bar shi a hannun mahaifiyarsa ƙarƙashin kulawar jami'i, da sharaɗin ya riƙa zuwa ofis a ranakun da aka sa masa, ya kwana a gida, ya ci gaba da koyon walda. Ya yi wata uku yana bi. Sai wani direban babbar mota mai zuwa Bawku ɗaukar albasa ya nemi yaron mota, aka ba shi shi. Kowa a gidan ya yi murna, domin yaron da jiya ake kuka da shi yau ga shi yana kawo kuɗin cefane. Babu wanda ya ga saɓo a cikin wannan. Jami'in ya zo sau biyu bai same shi ba, ya rubuta abin da aikinsa ya ce ya rubuta. Da yaron ya dawo daga wata tafiya aka kama shi, kotu ta tura shi gidan horon yara.

Mahaifiyarsa ta zo ta same ni da takardar, ta warware ta daga bakin zane. Ta ce, "Malam, ba sun ce sun sake shi ba? Me ya kuma yi?"

Na ce, "Mma, bai yi sabon laifi ba. Tsohon ne ya tashi."

Ta daɗe tana kallon takardar, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta. Sannan ta ce da an gaya mata ɗaure yake, da ba ta bar shi ya hau motar ba, ko da za su kwana da yunwa.

Wannan maganar tata ita ce hujjata a kan masu fassara. Da tafinta ya ce mata an yi wa ɗanki talala, ko ɗaure yake amma a ɗakinki zai yi zaman, da ta fahimta nan take, domin ta yi kiwon akuya a tsakar gida. Ina kuma da ƙorafi a kan ita dokar. Ba ta cika bambanta wanda ya saɓa don taurin kai da wanda ya saɓa don neman abinci ba, sai in alƙali ya ga dama ya bambanta. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Amurka, inda tsarin ya fi ko'ina yaɗuwa, ana mayar da mutane da yawa kurkuku ba don sabon laifi ba, sai don sun makara zuwa ofis ko sun yi tafiya ba izini. Samarinmu masu sauraron waƙoƙin can sun san labarin mawaƙi Meek Mill, wanda a 2017 wata kotu a Philadelphia ta yanke masa shekara biyu zuwa huɗu saboda saɓa sharuɗɗan wata shari'a da ta kusa shekara goma.

Sai dai kwatancen akuya yana da iyaka. Igiyar akuya a turke ake ɗaure ta, kuma turke itace ne, ba ya jin zafi. Igiyar mai beli a wuyan mutum ake ɗaure ɗaya bakin. Wannan ya kawo mu ga kalma ta biyu, lamuni.

Lamuni daga Larabci yake, daga kalmar da ke nufin ɗaukar nauyin abin da ke kan wani. Lam ɗin da ke farkonsa harafin ladi ne na Larabci, wanda Hausa ta saba mayarwa l, kamar yadda ta yi a alƙali da alwala da larura da lamiri. Malaman fiƙihun Malikiyya sun kasa shi uku: lamunin dukiya, inda ka ce in bai biya ba zan biya, lamunin fuska, inda ka ce zan kawo shi da kansa ranar da ake nemansa, da lamunin nema, inda ka ɗauki nauyin bin sawunsa kawai. Belin kotun zamani na biyun ne da na farkon a haɗe. Da Hausar yau da kullum kuwa cewa muke yi ya tsaya masa. Ku lura da wannan masa. Tsayawa kowa na yi, amma tsaya wa wani shi ne ka sa jikinka a gurbin nasa.

Zango kansa a kan lamuni aka gina shi. Fataken da suka cika Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawa baƙi ne, ba su da gona ba su da dangi a ƙasar Asante. Baƙo ya iso da shanu ko ya zo sayen goro, sai ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, in an ɗauki kaya bashi shi ne zai tsaya a tsakani. Idan mahauci ya karɓi sa bai biya ba, maigida ne zai biya baƙonsa, in ba haka ba baɗi baƙon ya sauka wani gidan. Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari na masu gida da dillalai a 1966, har ta taɓo mahautan Kumasi. Abin da ta bayyana da harshen masana tattalin arziki kakanninmu sun san shi da kalma ɗaya, mutunci, kuma sun san jari ne da ake tarawa a hankali, yana kuma iya ƙarewa.

Kotu ta gaji wannan tsari ba tare da ta san ta gaje shi ba, ta kuma sa masa haƙora. Sashe na 104 na Doka ta 30 ya ce idan wanda aka yi beli ya ƙi bayyana, za a kira mai lamuni ya biya kuɗin da ya sa hannu a kai ko ya kawo dalilin da zai hana. In bai biya ba a kama kayansa a sayar, in kayan ba su kai ba a ɗaure shi har wata shida. Wannan ba barazanar takarda ba ce. Sedina Tamakloe Attionu, tsohuwar shugabar hukumar ba da ƙananan rance ta MASLOC, ta sami izinin kotu a 2021 ta tafi Amurka neman magani, ba ta dawo ba. A watan Janairu na 2023 kotu ta umarci mutum biyu da suka tsaya mata su biya sidi miliyan biyar, a watan Afrilu na 2024 kuma aka yanke mata shekara goma a bayan idonta. Ɗalibanmu na Nijeriya za su tuna Sanata Ali Ndume, wanda ya tsaya wa Abdulrasheed Maina a kan naira miliyan 500. Da Maina ya ɓace, a watan Nuwamba na 2020 sanata sukutum ya kwana a gidan yarin Kuje, kafin a kamo Maina a Yamai.

Waɗannan manya ne, suna da lauyoyi. Kawuna mahauci ne. Abin da ya bambanta shi da sauran mutanen layinsu shi ne gidansa yana da takarda, abin da ba kowa ke da shi a zango ba, domin gidajenmu da yawa na gado ne da ba a raba ba. Ɗan wani maƙwabcinsa ya shiga faɗa a tashar mota aka ji wa wani rauni, kotu ta ba da beli da sharaɗin mutum biyu su tsaya, ɗaya mai gida ko fili. Uban yaron ya zo bayan sallar asuba, ya taho da liman don kada a ƙi shi.

Ya ce, "Alhaji, kai kaɗai ke da takarda a layin nan. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Kawu ya sa hannu. Yaron ya je zama uku, duk ukun aka ɗaga shari'ar ba a yi komai ba. A na huɗu ba a gan shi ba. Aka ce ya tafi haƙar zinariya, abin da a nan ake kira galamse, daga baya aka ce ya bi hanyar Agadas. Kotu ta kira kawu ta ba shi lokaci ya kawo shi. Dattijo mai shekara sittin da wani abu ya rufe teburinsa ya shiga ƙauyukan masu haƙa, yana nuna hoton ɗan wani yana tambaya. Da lokacin ya ƙare alƙali ya dubi wahalar da ya sha ya rage masa kuɗin, amma abin da ya rage ɗin ma ya cinye jarin da yake sayen shanu da shi. Gidan ya tsira. Shi kuwa, mutumin da a da yake yanka nasa, ya koma karɓar nama a hannun waɗanda ya koya wa riƙon wuƙa. Tsakaninsa da uban yaron gaisuwa ba ta yanke ba, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, amma ba su ƙara zama a tabarma ɗaya ba.

Hasarar ba ta tsaya a kan kawu ba. Bayan kamar shekara guda aka yi kamen kan-mai-uwa-da-wabi a unguwar, aka haɗa da wani saurayi tela da kowa ya san ba ruwansa. Kotu ta ba da belinsa a zaman farko. Aka zagaya layin gida-gida, duk mai takarda ya sunkuyar da kai, domin kowa ya ga abin da ya sami Alhaji. Telan ya yi watanni a tsare yana jiran shari'a kafin a janye ƙarar, ya fito ya tarar mai shago ya ba wani ɗakin. Bai taɓa saɓa wa kowa sharaɗi ba. Wanda ya saɓa yana can wata ƙasa, wataƙila bai ma san da labarin ba. Irin wannan tela ne suka cika ɓangaren masu jiran shari'a a gidajen yarin ƙasar nan, har ya sa a 2007 aka fara shirin kai alƙalai cikin kurkuku su zauna su duba waɗanda aka manta da su.

Ba zan ce masu gudu ba su da dalili ba. Kowace ranar kotu yini ne da mai tura baro ko mai tuƙa aboboya ya rasa, ga kuɗin mota, a ƙarshe a ce a dawo bayan mako uku. Shari'a tana iya shekara biyu a haka. Ga kuma tsoro, wanda ba daga iska ya zo ba. Mutanen Asawase ba su manta da watan Yuli na 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zango a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa kuma ya ce bai ga shaidar hakan ba. Saurayin da ya tashi da wannan labari, in an ce masa ya riƙa kai kansa ofishin 'yan sanda duk mako biyu, sai gabansa ya faɗi. Na fahimci wannan duka. Amma fahimtata ba ta mayar wa kawu da jarinsa ba, kuma wanda ya gudu ya san sarai a hannun wa ya bar igiyar.

Yanzu abin ya zo kaina. Sau da yawa kotu kan ce mai lamuni ya kasance ma'aikacin gwamnati mai albashi, kuma a unguwar da yawancin mutane 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, masu takardar albashi ƙidayayyu ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, da irina. Ba na yin wata biyu ba a buga mini waya ko an tare ni bayan Juma'a ba. Na tsaya wa mutum biyu, dukansu sun cika. Na ƙi fiye da haka, kuma na san abin da ake faɗi a bayana, cewa boko ya sa na manta inda aka yanke mini cibiya. Ƙin yana da ciwo, domin kowane lokaci fuskar telan nan nake gani.

Abin da nake yi kafin in amsa ko in ƙi shi ne in tara wanda ake tuhuma da ubansa da wani dattijo, in warware takardar, in juya musu ita da Hausa layi-layi. Ba na amfani da kalmar saki ko sau ɗaya. Nakan ce wa yaron, talala za a yi maka, bakin igiyar ɗaya a ƙafarka ɗaya a wuyana. Ranar da ka zabura ni za ta shaƙe. Nakan tambayi uban wa zai biya kuɗin mota a ranakun kotu, kuma in yaron ya sami aikin da zai kai shi Tamale ko Bawku wa zai fara zuwa neman izini. Daga yadda suka amsa waɗannan nakan gane abin da zan yi. Wani uban yana jin kalmar wuya sai ya yi shiru ya ce bari su koma su yi shawara, ba ya dawowa.

Tun 2025 ɗan majalisar Asawase, Mohammed Mubarak Muntaka, shi ne ministan cikin gida, kuma gidajen yari a ƙarƙashin ma'aikatarsa suke. Duk ranar da tsarin sakin fursuna kafin cikar wa'adi ya kankama a ƙasar nan, masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Kumasi za su bukaci suna, kuma wasu daga cikinku ne za su zauna a gaban makirfo. Ni dai sakin talala nake ba da shawara ga wanda ya fito daga kurkuku, ɗaurin gwaji kuma ga wanda ba a kai shi ba. Kowanne aka zaɓa, kada a bar saki shi kaɗai ba tare da wata kalma da ke ɗauke da igiya ba.

Akwai kuma "tsallake beli" da ya yaɗu a jaridu. Daga Ingilishi aka kwaso shi ɗanye, kuma ya mai da beli kamar kwata ko katanga da mutum zai ɗaga ƙafa ya wuce. Dattawan layinmu ba haka suka faɗi abin da ya sami kawu ba. Cewa suka yi yaron ya ci amanar Alhaji. Idan kuka feɗe jimlolin biyu za ku ga karɓau a ta farko takarda ce, a ta biyu kuwa amana ce da sunan mai ita a manne.